Wane lens ɗin fisheye ya dace da ɗaukar bidiyo?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina ɗaukar bidiyon biki da na waƙa a Kano, kyamarata Canon 80D ce. Matsalata biyu. In na shiga ɗakin amarya ko ƙaramin falo, 18-55mm ɗina ba ya ɗauke mutane duka, ko da na manne da bango. Sannan yaran da nake yi wa bidiyon waƙa sun matsa mini, suna son irin hoton nan mai lanƙwasa da suke gani a bidiyon 'yan Amurka. Wani ya kawo mini Sigma 15mm fisheye na hannu, wani kuma ya ce in nemi Samyang 8mm. Wanne ya fi? Kuma in Allah ya hore na koma babbar kyamara, zai ci gaba da yi mini aiki?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da ka kawo buƙatu biyu ne da ka ɗaure wuri ɗaya: ta farko ƙarancin wuri, ta biyu salon hoto. Kana fatan lens ɗaya ya biya maka duka biyun, ni kuma ina ganin ba zai biya ba. Tsakanin biyun da ka ambata, a kan 80D, Samyang 8mm ne zai ba ka abin da yaran waƙa ke nema. Sigma 15mm lens ne mai kyau ƙwarai, amma ba don kyamararka aka yi shi ba. Batun ɗakin amarya kuwa, maganinsa wani lens ne dabam. Bari in bi maka dalilan, don ko gobe wani ya kawo maka lens ɗin da ban ambata ba, ka iya auna shi da kanka.

Lens na yau da kullum, komai faɗinsa, an ƙera shi ne ya bar miƙaƙƙen abu a miƙe: bango, ƙyaure, turken lantarki. Don ya cika wannan aiki sai ya riƙa jan gefunan hoto yana miƙar da su, kuma ko an yi yaya ba zai kai digiri 180 ba. Fisheye ya bar wannan hanya gaba ɗaya. Yana tattaro duk abin da ke gabansa ya dunƙule shi cikin hoto, tsakiya ta kumbura, gefe ya matse, kamar yadda fuskarka ke fitowa in ka duba bayan cokali. Layin da ya ratsa ta tsakiyar hoto ne kaɗai ke zama a miƙe, duk sauran sai sun lanƙwashe, kuma iya nisansu da tsakiya iya lanƙwasarsu.

Tun asali ba don ado aka yi shi ba. A 1924 wani masani a Ingila, Robin Hill, ya ƙirƙiro irin wannan lens don ɗaukar hoton gizagizai, sararin sama duka a hoto ɗaya. Nikon ya fitar da nasa 8mm f/8 a 1962. Salon da yaranka ke so kuwa ya yi ƙarfi ne a Amurka a shekarun 1990, daga wurare biyu: masu wasan zamiya a kan allo mai taya, waɗanda suka riƙa ɗaura gilashin Century Optics a gaban kyamarar Sony VX1000 da ta fito a 1995, da kuma bidiyoyin waƙa irin na darakta Hype Williams. Ka koma ka kalli irin waɗannan ayyuka da idon mai sana'a, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: kyamara tana dab da mutum, sau da yawa ƙasa da tsawon hannu. Kusanci shi ne ran fisheye. In ka tsaya nesa da shi, mutane za su koma 'yan mitsi-mitsi a tsakiya, rabin hoton kuma rufi ne da ƙasa.

Girman sensa shi ne farkon lissafi

Fisheye iri biyu ne. Akwai mai da'ira, wanda ke ajiye hoton zagayayye a tsakiya, kewayensa baƙi. Akwai mai cika firam, wanda ke ba da digiri 180 daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba tare da baƙi ba. Ga mai bidiyo, na biyun ne abin nema, domin mai da'ira yana zubar da kusan rabin hoton a banza, kuma kallonsa na gundura da wuri. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar da ke jikin lens ba ta isa ta gaya maka wane iri ne ba, sai ka san sensar da za ka ɗora shi a kai, wato ɓangaren cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa. Sigma 8mm f/3.5 mai da'ira ne a babbar sensa. Samyang 8mm f/3.5 kuma mai cika firam ne a ƙaramar sensa irin taka. Lamba ɗaya, aiki dabam.

Babbar sensa faɗinta milimita 36, tsayinta 24. Ta 80D kusan 22 ce da 15, wato ta gaza babbar da ninki 1.6. Sigma 15mm f/2.8 an yi shi ne don babbar. A can yana ba da digiri 180 a kusurwa, daga hagu zuwa dama kuma kusan 147. Da ka ɗora shi a 80D, sensarka tsakiyar hoton kaɗai za ta gani, faɗin ya faɗo zuwa kusan digiri 87. Ka kwatanta da Canon EF-S 10-18mm, wanda ba fisheye ba ne: a 10mm yana ba da kusan digiri 97, kuma bango a miƙe. Ka ga ke nan Sigman a kyamararka ya gaza wannan faɗi, ga 'yar lanƙwasa da ba ta kai ta zama salo ba, sai dai ta sa mai kallo ya ɗauka lens ɗin ne ke da matsala. Wannan shi ne mafi munin matsayi, kuma na ga masu sana'a da yawa sun saya sun ajiye saboda haka. Waɗannan alƙaluma kusan-kusan ne, domin kowane kamfani da yadda yake lanƙwasa nasa hoton, amma bambancin ba zai sauya hukuncin ba.

Samyang 8mm f/3.5, wanda ake sayarwa a wasu wurare da sunan Rokinon, yana ba da digiri 180 a ƙananan sensar Nikon da Sony, a ta Canon kuma kusan 167, tunda ta ɗan fi su ƙanƙanta. Wannan ya ishe ka har da ragi.

Bidiyo kuma yana ƙara yanka hoton. Hoton tsaye na kyamararka 3:2 ne, bidiyo 16:9, don haka sama da ƙasa na tafiya. Wannan ba ya damuna, yana ma rage yawan rufi da ƙasa. Wanda ya kamata ka kiyaye shi ne yankan da wasu kyamarori ke yi in an shiga 4K. Canon 5D Mark IV babbar sensa ce, amma 4K ɗinta yana yanka da ninki 1.74, wato 15mm a kanta zai ma fi matsewa fiye da a 80D ɗinka. EOS R ma kusan haka take. Canon M50 tana ƙara wani yanka a kan ƙaramar sensarta in ka kunna 4K. Sony A7 III a 4K tana amfani da faɗin sensa duka in ana ɗaukar firam 24 ko 25 a daƙiƙa, amma a 30 tana ɗan yanka. Kafin ka sayi kowace kyamara nan gaba, ka tambayi abu ɗaya: a yanayin da zan riƙa ɗauka, nawa ne daga sensar ke aiki? Amsar ita za ta zaɓa maka lens.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan Samyang

Ba arha kaɗai ba ce. Yadda yake lanƙwasa hoto ya bambanta da na mafi yawan fisheye. Da yawansu, har da Sigma 15mm, suna matse abin da ke gefe sosai, har kan mutum ya fito a lotse. Samyang 8mm yana matsewa a hankali, abu zagayayye da ke gefe yana zama kusa da siffarsa. A hoton tsaye wannan ƙaramin bambanci ne. A bidiyo kuwa, inda mawaƙi ke tafiya daga tsakiya zuwa gefe ya dawo, ko abokansa na tsaye a bayansa hagu da dama, bambancin a fili yake, domin fuska ba ta sauya kama da yawa yayin da take motsi.

Ba shi da fokas mai sarrafa kansa, kuma wannan bai kamata ya tsorata ka ba, ko da yake na san ka saba da fokas ɗin 80D mai bin fuska. A 8mm zurfin abin da ke fita tar yana da yawa ƙwarai. Ka sa ƙofar haske a f/5.6 ko f/8, ka ajiye fokas a kusan mita 1, komai daga kusan santimita 40 har ƙarshen gani zai fito. Ni nakan saita shi sau ɗaya da safe, in manna ɗan salatif a kan zoben don kada hannu ya goge shi, shi ke nan har a tashi. Sai dai kada ka yarda da lambobin nisa da ke rubuce a jikinsa ido rufe, domin a wasu ba su zauna daidai ba. Ka ƙara girman hoto sau 10 a allon kyamara kafin ka danna ɗauka, ka tabbatar da idonka. Kuma in ka ga kyamara ta rubuta F00, ba lalacewa ba ce, lens ɗin ne ba ya magana da ita. Ka sa ta a M, wato yanayin da kai ke saita komai da hannu, ka ci gaba. A buɗe gaba ɗaya, wato f/3.5, hotonsa na da ɗan laushi, sai an rufe zuwa f/5.6 yake nuna kansa.

In ka samu samfurin da aka yi don masu fim, mai rubutun T3.8, ka fifita shi. Gilashin ɗaya ne, amma zoben haskensa ba ya ƙas-ƙas, yana juyawa sumul, don haka kana iya bin mawaƙi daga cikin soro zuwa waje kana rage haske ba tare da hoton ya yi tsalle ba. Ka kuma nemi na biyun da suka fitar, wanda ake iya cire masa hular gaba mai kare gilashi daga haske, za ka ga amfanin haka in mun zo batun babbar kyamara.

Akwai wasu biyu da suka cancanci ambato. Tokina 10-17mm f/3.5-4.5 fisheye ne mai zuƙowa, yana da fokas na kansa, yana iya matsowa har santimita 14, kuma a 17mm lanƙwasar na raguwa sosai. Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa sun daɗe suna ƙaunarsa. In ka same shi da lafiya, zaɓi ne mai kyau ga wanda ke son sassauci. Sai Canon EF 8-15mm f/4L, wanda aka sanar a 2010: a kyamararka yana cika firam daga kusan 10mm, a babbar sensa kuma yana ba da da'ira a 8mm, ya cika firam a 15mm. Shi zai yi maka aiki a ƙaramar sensa da babba duka. Amma kuɗinsa ya ninka na Samyang sau da dama, kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah: daƙiƙa nawa na fisheye ke shiga bidiyon minti huɗu? A aikina ba sa wuce 'yan gutsattsari. Ban ga hikimar zuba jarin da zai sayi fitila da makirfo mai kyau a kan lens ɗin da ke fitowa daga jaka jefi-jefi ba, sai in sana'arka ta koma kansa kacokan.

Rana, ƙura da dawaki

Nan ne masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa tsayawa, mu kuwa nan matsalarmu take. Gilashin gaban fisheye a kumbure yake, ba a ɗaura masa filta. Mai bidiyo a firam 25 a daƙiƙa yana son shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, a 1/50 na daƙiƙa don motsi ya fito yadda ido ya saba, kuma wannan ya dace da wutarmu mai bugu 50. To a ranar Kano da tsakar rana, ko a ISO 100, inda kyamara ta fi ƙarancin jin haske, 1/50 na buƙatar kusan f/22. A f/22 hoto na rasa kaifi, kuma duk ƙurar da ke kan sensa sai ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. Da wani lens ne sai ka ɗaura baƙar filta mai rage haske a wuce wurin. A nan babu wannan hanya.

Mafita uku ce. Wasu lens ɗin, kamar Canon 8-15mm da Sigma 15mm, suna da 'yar maƙala a baya inda ake zura yankakkiyar filta mai laushi. Wasu kyamarorin suna da filtar a cikinsu, kamar Sony FX6 da Blackmagic 6K Pro, Canon kuma na da adaftar EF zuwa RF, mai ɗora lens irin na 80D a kan kyamarorinsa na R, da ake zura wa filta a tsakiya. Kai da 80D da Samyang, abin da ya rage maka shi ne ka ɗaga shata ko ka sauya lokaci. Ga bidiyon waƙa mai rawa da tsalle, ɗaga shata zuwa 1/200 ko sama ba laifi ba ne, motsin na fitowa da kaifi, kuma ya dace da salon. Amma abin da na fi so shi ne a fita da sassafe ko bayan La'asar. Ka tuna lens mai ganin kusan rabin duniya da wuya rana ba ta shiga cikinsa, in kuwa ka juya mata baya, inuwarka ce za ta shiga. Ka riƙa duba gefuna huɗu kafin kowace ɗauka: ƙafarka, ƙafar abin kafa kyamara, gashin makirfon da ke bisa kyamara, yaron da ke riƙe maka fitila. Fitilar da ake ɗorawa a kan kyamara ma ba ta iya haska faɗinsa, za ta yi fari a tsakiya ta bar gefe cikin duhu.

Lokacin hunturu kuma ka ninka kula. Tunda komai na kusa yana fita tar, ƙurar da ta sauka a gilashin gaba tana iya fitowa a hoto, musamman in haske ya doke ta. Ka hure da abin hura iska tukuna kafin ka kai ƙyalle, domin ƙurar hunturu na karce gilashi in aka goga ta a bushe. Murfinsa kuma ka riƙe shi da kyau, ba irin wanda za ka shiga kasuwa ka samu madadinsa ba ne.

Abu na ƙarshe a nan ya shafi lafiyarka. A allon kyamara komai na nuna ya fi nisa fiye da yadda yake. Mawaƙi zai miƙo hannu ka ga kamar da saura, alhali zobensa ya kusa taɓa gilashi. Ka yi masa alama a ƙasa inda zai tsaya. In kuma sha'awa ta ɗebe ka ka ce za ka durƙusa gaban dawaki a Hawan Daushe don ka samu hoton ƙasa-ƙasa, ina roƙonka kada ka yi. Dokin da ka gani a allo kamar yana can, ya riga ya iso. In dole sai an samu wannan hoton, a ajiye ƙaramar kyamara irin GoPro ko DJI Osmo Action a ƙasa, mutum ya ja gefe.

Wajen motsa kyamara, fisheye na son tafiya gaba da baya, yana son a sauke shi ƙasa a ɗago shi sama, kuma allon 80D mai juyawa zai taimake ka a nan. Yana ɓoye rawar hannu fiye da kowane lens, don haka ko ba gimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara rawa, kana iya bin mutum da ƙafa. Abin da ba ya so shi ne juyawa hagu da dama da sauri: gine-gine za su riƙa lanƙwashewa suna miƙewa, mai kallo ya ji jiri.

Ɗakin amarya

Kada ka shiga da fisheye, sai dai don gutsure ɗaya na nishaɗi a filin rawa in abokan ango sun zagaye ka. Bidiyon biki abin ajiya ne, za a kalle shi bayan shekaru, kuma ba uwar da za ta ji daɗin ganin hancin 'yarta ya kumbura, gado da kabet sun lanƙwashe, jeren da aka kashe wa kuɗi ya fito a karkace. Abin da kake buƙata shi ne EF-S 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM. Daga digiri 64 da 18-55mm ke ba ka zuwa kusan 97, bambanci ne da za ka gani nan take. Yana da abin rage rawa, fokas ɗinsa ba ya ƙara a bidiyo, yana karɓar filta mai milimita 67, kuma ba shi da nauyi. Rauninsa duhu, don haka ka shiga da fitila. In ɗakunan da kake shiga sun cika duhu, Tokina 11-16mm f/2.8 ya fi shi shan haske. Ko da wannan, ka ajiye amarya da manyan mata a tsakiyar hoto, domin lens mai faɗi yana jan wanda ke gefe ya ƙara masa ƙiba.

Za ka ji masu cewa ka ɗauka da fisheye, in ya so ka miƙar da shi a kwamfuta. Ana yi, After Effects da DaVinci Resolve Studio duk suna da abin yin haka. Amma miƙarwa na nufin a ja gefen da aka matse a baza shi, a kuma yanke wani sashe a zubar. Mai 4K yana da rarar da zai yi asara. 80D ɗinka a 1080 ta tsaya, in ka miƙar gefunan za su dushe har mai biki ya lura. Saboda haka in kuɗin lens ɗaya ke hannunka yanzu, kuma biki ne ke ciyar da kai, ka fara da 10-18mm, ka ari fisheye ko ka yi hayarsa ranar bidiyon waƙa har ka ga yawan buƙatarsa.

In ka koma babbar kyamara

Samyang mai bakin EF zai hau Canon R da adafta, zai hau Sony ma da adafta mai arha, tunda babu wutar da zai nema. A babbar sensa ba zai cika firam ba, za ka ga baƙi a kewaye, in ka cire hular kuma ka samu kusan da'ira, wanda shi ma salo ne. Amma kyamarori irin A7 III da R6 suna da yanayin da ke amfani da tsakiyar sensa kaɗai a bidiyo, da ka kunna shi lens ɗin ya koma yadda ka san shi. In kyamarar na da abin rage rawa a cikinta, ka shiga ka rubuta mata 8mm da hannu, in ba haka ba za ta riƙa gyaran da ya wuce kima, hoton ya yi ta kaɗawa. A lokacin ne Sigma 15mm zai yi ma'ana, ko Samyang 12mm f/2.8 da aka yi don babbar sensa. Sayen lens yau saboda kyamarar da ba ta zo ba, ban ba ka wannan shawara ba.

Ban riƙe waɗannan lens biyu da ka ambata ba, don haka lafiyarsu kai za ka duba. Ka tafi da kyamararka. Ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba, ka nemi karce a gilashin gaba da kuma farin zare-zare na fumfuna a ciki, musamman in kayan ya daɗe a gari mai laima kamar Legas. Ka juya zoben fokas da na haske daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko suna cijewa. Ka ɗauki gini mai nisa a f/5.6, ka duba ko hagu da dama sun yi kaifi daidai da juna. Sannan ka ɗauki bidiyon minti ɗaya, mutum na matsowa yana ja da baya, ka kalle shi a kwamfuta, ba a allon kyamara ba, kafin kuɗi su bar hannunka. In mai kayan ya ƙi yarda da wannan gwaji, ka bar masa abinsa.